Fadamar Baffa Hassan

Kun tashi kuna jin ana cewa ni ne ɗan da ya ɗauki tsohonsa ya kai shi Zariya don ya ga makwancin ɗan'uwansa, kun kuma ji ana sa mini albarka a kan haka. Goggonku Asabe har ta koma ga Allah tana ba da labarin a matsayin abin kirki. Na bar shi a haka shekara da shekaru saboda ya fi mini sauƙi. Yanzu idona ya fara ja da baya, hannuna ba ya jure alƙalami kamar da, don haka zan rubuta muku tafiyar nan yadda ta kasance.

Kakanku, Baba Usaini, ɗan tagwaye ne. Ɗan'uwan haihuwarsa shi ne Hassan, wanda muka tashi muna kira Baffa Hassan alhali ba mu taɓa sa shi a ido ba. Suna samari, gemu bai fito musu ba, lokacin da Turawa suka shigo ƙasar Zazzau. Aka aiko ƙauyenmu, can bayan Kudan, cewa kowane gida ya ba da namiji ɗaya mai ƙarfi wanda zai yi dakon kayan soja, ya kuma yi aikin ginin sansaninsu a Zariya. Daga gidanmu Hassan ne ya tafi. Bayan damina wasu suka dawo, sun rame sun zama ƙashi da rai. Shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya zo da labarin mutuwarsa. Wannan ya ce ya bar shi yana cuɗa ƙasa, wancan ya ce ya hange shi da akwati a ka. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gona, Baba ya ɗauki tudu, ya ce fadamar bakin rafi ta Hassan ce. Duk gonakin gidanmu babu kamarta. Baƙar ƙasa ce mai riƙe danshi har tsakiyar rani.

Baba bai bar ta ta zama saura ba. Kowace shekara shi da kansa yake shuka shinkafa a cikinta, ya yanke, a sussuka, a zuba a wani ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakin Inna, mahaifiyata. Rumbun nan ba a taɓa shi. Shinkafar tana nan har sabuwa ta shigo, sannan a kwashe tsohuwar a raba wa maƙwabta, a ce musu daga Hassan ne, a zuba sabuwa. Dalilin Baba shi ne duk ranar da mai ita ya shigo, ya tarar da abincin shekara yana jiransa. Akwai shekarar da fara ta cinye dawa, ina yaro, muka koma cin tafasa da dusa, shinkafa tana cike da rumbu a bayan ɗaki. Na ji Inna tana roƙonsa ko tiya ɗaya ce saboda ƙanwata da ke kwance. Ya fita ya sayar da rigarsa ta zuwa Juma'a ya sayo gero, amma murfin rumbun bai ɗaga ba. Inna ba ta taɓa yafe masa wannan shekarar gaba ɗaya ba, sai dai ta mayar da abin wasa. Idan tana sheƙar shinkafar takan ce wa matan gida:

“Ni dai mutum ɗaya aka ɗaura mini aure da shi, ga ni ina yi wa biyu bauta. Ɗayan ma ko sannu bai taɓa ce mini ba.”

Baba ba ya jin ta, don a lokacin kunnensa ya riga ya yi nauyi. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Ni kaɗai ne ɗa namiji da ya rayu a cikin 'ya'yansa, saboda haka na zama kunnensa. A kasuwa, a gaban dagaci, a wurin ta'aziyya, ni ke tsugunawa a damansa ina maimaita masa abin da aka faɗa. Bai taɓa waiwayawa ya tambayi wani ko abin da na faɗa haka yake ba.

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, rake ya haukata ƙasarmu. Daga Kudan har Makarfi duk mai fadama ya cika ta da rake, injinan matsa da doki ke juyawa suka yawaita, hayaƙin dafa mazarƙwaila ya rufe bakin rafi. Sa'o'ina suka fara yi wa ɗakunansu rufin kwano, wasu suka sayi keke. Ni ina da mata da 'ya'ya biyu, kai Lawal kana goye, ba ni da abin yi da rani sai dakon mazarƙwailar wasu zuwa Zariya. Kullum sai na wuce fadamar Baffa Hassan na gan ta kwance ba komai a ciki sai kututturen shinkafa, raina ya yi ta ƙuna. Na gwada Baba da lalama ya bar ni in sa rake a cikinta, ya ce rake yana daɗewa a ƙasa, idan mai gona ya dawo ya ce shi ba rake yake so ba fa? Sai na je na sami Malam Ɗalha, limamin ƙauyenmu, mutumin da Baba ke girmamawa, na roƙe shi ya zo ya yi masa bayani. Ya zo da hantsi, aka shimfiɗa masa buzu a zaure, aka daɗe ana gaisawa, sannan ya shiga magana ni kuma ina isarwa.

“Malam ya ce, wanda ya ɓata ba a san inda yake ba, shari'a ba ta ce a jira shi har abada ba. Idan sa'o'insa suka ƙare a duniya, ana ɗaukarsa a matsayin mamaci, a raba abin da ya bari.”

Baba ya murza gemunsa, sannan ya ce:

“Allah ya gafarta Malam, ni ne sa'ansa. Rana ɗaya aka yanke mana cibiya. Na ƙare ne?”

Malam Ɗalha ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce shi kam an kayar da shi. Baba bai yi dariya ba. Ya ƙara da cewa su tagwaye ne, da Hassan ya mutu da ya ji a jikinsa, kuma har yau bai ji komai ba. Da Malam zai tafi na raka shi, ya tsaya a bakin hanya ya ce mini in bar tsohon nan da abinsa, ba gona yake tsaro ba. Na ce to, amma maganar ba ta shige ni ba.

A wajen kai kaya Zariya na ji wani direba yana cewa sansanin da Turawa suka fara ginawa yana nan bai gama rushewa ba, an kewaye wurin an mayar da shi lambun shaƙatawa, kuma masu aikin lambun suna tono ƙasusuwa idan suna dasa itatuwa. Tun a cikin motar na ƙulla abin da zan yi. Na tabbata idan Baba ya ga wurin da idonsa, ya ji zancen ƙasusuwan nan, zai saki. Da na dawo na ce masa na samo inda Baffa ya yi aiki, ko yana so in kai shi ya gani? Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Shekarun nan duka bai taɓa zuwa nema ba, don da farko tsoron soja ya hana, daga baya kuma bai san wa zai tambaya ba. Ya sa Inna ta wanke masa riga, ya sa aka yi masa aski. Da za mu fita Inna ta ja ni gefe, ta dube ni sosai ta ce:

“Garba, me za ka nuna masa a can?”

Na ce tsohon gini ne kawai. Ta ce Allah ya sa.

Muka taka zuwa Hunkuyi muka shiga motar kasuwa. Ranar Lahadi ce, mun isa bayan azahar. Lambun yana wajen gari, ta ɓangaren unguwar ma'aikata. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an kafa tuta kore da fari a ƙofa, itatuwan mangwaro da dalbejiya sun yi inuwa. Akawuna da matansu suna zaune a kan benci, wani ya kunna rediyo, wani mai hoto yana jera mutane yana ce musu su yi murmushi. Muka ratsa su, ni a gaba, Baba a baya da sandarsa da takalmin fata, yana gaida duk wanda muka wuce, yawancinsu ba su amsa ba. Sansanin yana can ƙarshen lambun. Abin da ya rage kusurwa ɗaya ce ta katanga mai kauri, ƙasa da dutse, ruwan sama ya cinye kanta har ta dawo daidai kafaɗar mutum. A jikinta akwai 'yan ramuka da ake zura bakin bindiga. Ta waje wani dogon rami ya kewaye ta, ya cike rabi, an shuka furanni ja da rawaya a ciki. Yaran ma'aikata suna hawa katangar suna dirowa, ɗaya yana nuna sauran da kara yana cewa ya harbe su.

Baba ya jingine sandarsa ya dafa katangar da hannu biyu. Ya bi ta a hankali yana shafawa kamar mai duba doki a kasuwa. Da ya kai ga ɗaya daga ramukan bindigar sai ya zura hannu ciki har gwiwar hannu. Can ciki ruwa bai kai ba, sawun yatsun maginan yana nan a jikin yaɓen. Ya sa yatsunsa a cikin sawun ya tsaya haka, ba ya motsi. Ya fito da hannun ya matsa rami na gaba, ya sake yin haka. Sai da ya bi su duka.

Muna nan sai ga mai ban ruwan lambun ya taho da garwa biyu a kafaɗa, dattijo ne baƙi mai ɗingishi. Ya sauke garwar, ya kori yaran, ya juyo zai gaishe mu. Da ya dubi Baba sai ya washe baki ya ce:

“A'a, Baba, ka sake dawowa? Ya hanya? Ya mutanen gabas?”

Na ce masa ai wannan ne zuwansa na farko, daga ƙasar Kudan muke. Ya ƙara matsowa ya ƙura wa Baba ido, ya girgiza kai.

“To, ikon Allah. Bara war haka wani tsoho ya zo nan, ya daɗe a jikin katangar nan yana kuka. Wallahi na ɗauka shi ne. Amma kada ka kama maganata, ɗan samari, tsofaffi duk kama suke yi mini.”

Na tambaye shi labarin ƙasusuwan. Ya ce gaskiya ne. Mahaifinsa mai jakai ne, ya yi wa sansanin jigilar ruwa, kuma ya ba shi labarin yadda agana ta shiga cikin 'yan dako, aka riƙa zuba su a ramin nan ba wanka ba sallah. Ya ce amma ba duka suka mutu ba. Waɗanda suka tashi an ɗora musu kaya an wuce da su gabas tare da soja, da yawansu ba su san hanyar gida ba, ko kunya ta hana su, suka zauna can suka yi aure. Tsohon bara ma irinsu ne.

Duk wannan Baba yana tsaye yana kallon bakin mutumin, yana kallon nawa. Ya jawo hannun rigata ya karkato kunnensa na dama.

“Me ya ce?”

Ba zan ce muku Shaiɗan ne ya rinjaye ni ba, don na sami lokacin yin tunani. Na tuna fadamar, na tuna cewa idan na faɗi zancen tsohon bara, Baba zai ƙara wasu shekarun yana cika rumbu, wataƙila ma ya ce sai mun tafi gabas nema. Na kuma gaya wa kaina ai mutumin da bakinsa ya ce tsofaffi kama suke yi masa. Na kai bakina kunnen Baba na ɗaga murya.

“Ya ce agana ta shiga cikinsu. A ramin nan aka binne su.”

“Duka?”

“Duka, Baba.”

Mai ban ruwan ya ji ni sarai. Ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Wataƙila ya ɗauka akwai wani dalili na gida da bai sani ba. Ya ɗauki garwarsa ya yi gaba.

Baba ya cire takalmansa ya gangara cikin ramin, ya tsuguna tsakanin furannin. Wani mai gadi ya taso yana cewa ba a taka fure, na tare shi na ba shi haƙuri. Baba ya daɗe yana addu'a, ya shafa, amma bai tashi ba. Ya yafito ni na sauka na tsuguna kusa da shi. Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, don haka abin da ya faɗa har na kan benci sun ji.

“Ni aka zaɓa, Garba. Sunana dagaci ya kira. Na gudu na shige rumbu na ja murfi. Da suka zo, Hassan ya fito ya ce shi ne Usaini. Ko uwarmu ba ta ce komai ba.”

Ban taɓa jin wannan ba, kuma na tabbata Inna ma ba ta sani ba. Nan ne ya kamata in ce masa, Baba tsaya, akwai sauran magana. Mai ban ruwan yana can gindin mangwaro, ana hangensa. Na kama hannun Baba na tashe shi, na ce mu yi sauri kada mota ta bar mu.

Da muka koma gida ya kira Malam Ɗalha ya ce masa Hassan ya rasu. Aka tara mutane aka yi addu'a, aka karɓi gaisuwa kamar jiya aka yi mutuwar. Baba da hannunsa ya ɗaga murfin rumbun, ya ce a dafa sadaka, abin da ya rage a ci a gida. Ranar ce farkon shigar shinkafar fadamar nan tukunyarmu. Inna, wadda ta yi shekaru tana mita a kanta, ta sa loma ɗaya ta ture akushin ta shige ɗaki. Washegari Baba ya kira ni gaban Malam ya ce shi ne magajin ɗan'uwansa, kuma ya ba ni fadamar, in shuka abin da na ga dama. Kafin wata ya ƙare na kafce ta na binne rake.

Da, kullum bayan la'asar Baba yakan fito da buzunsa ƙofar zaure ya zauna yana fuskantar hanyar Kudan. Duk baƙon da ya ɓullo sai ya bi shi da kallo har ya wuce. Mun ɗauka shan iska yake yi. Bayan tafiyar nan bai sake fitowa ba. Ba ciwo ya kwantar da shi ba, babu zazzaɓi, babu tari. Abinci ne kawai ya rage, ya rage, har ya zama sai Inna ta zauna a kansa kafin ya kurɓi kunu. Mutumin da ke yanke shinkafa da kansa ya koma sai an riƙe shi zuwa masallaci. Damina ta faɗi, rakena ya yi kyau irin wanda mutane ke tsayawa kallo, ni kuma na daina bin hanyar bakin rafi.

Da abin ya ishe ni na koma Zariya ni kaɗai na sami mai ban ruwan. Na roƙe shi ya tuna sunan tsohon nan ko garinsu. Ya ce bai tambayi suna ba, garin kuma ko wajen Misau ya ce ko wajen Azare, bai riƙe ba. Na tambaye shi zanen fuskarsa, na tambayi tsayinsa. Ya ce shi ban ruwa aka ɗauke shi. Sannan ya dube ni ya ce:

“Ai ranar nan ya kamata ka yi tambayoyin nan, da tsohon yana tsaye.”

Na dawo gida da la'asar, ban ko sha ruwa ba na shiga ɗakin Baba. Yana kwance a kan tabarma ya juya wa ƙofa baya, Inna tana zaune da ƙwaryar kunu ta huce a hannunta. Na tsuguna na kai bakina kunnensa na faɗa masa komai, da ƙarfi, yadda duk gidan suka ji. Na ce ba duka suka mutu ba. Na ce an wuce da wasu gabas. Na ce wani tsoho mai kama da shi ya zo wurin bara, kuma ni na ɓoye masa saboda fadama. Inna ta ajiye ƙwaryar ta rufe bakinta da gefen zane.

Baba ya juyo a hankali ya dube ni. Babu fushi a idonsa. Ya miƙo hannu ya dafa kaina kamar ina ƙaramin yaro.

“Allah ya yi maka albarka, Garba. Na san kuna so in ci abinci. Amma kada ka yi mini ƙarya, ba ka saba ba.”

Na rantse masa da Allah. Na ce a kira Malam, a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Inna ma ta matso ta yi masa ihu a kunne cewa yaron nan gaskiya yake faɗa, ya tashi ya sha kunu a je a nemo masa ɗan'uwansa. Ya yi ɗan murmushi ya ce har da ke, Dije? Sannan ya mayar da fuskarsa bango.

Ya rasu kafin kaka, ranar wata Alhamis da hantsi. Bayan an share makoki na shirya na tafi Misau da Azare da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ina shiga kasuwa da masallaci ina tambayar wani tsoho, ko Hassan ko Usaini, mutumin ƙasar Zazzau. An nuna mini tsofaffi da yawa. Babu mai fuskar Baba a cikinsu.